Mun ci abincin dare a gidan Habersham da ake cewa akwai fatalwa

Tun muna hanya daga Atlanta ƙanwata ta ishe ni da labarin fatalwar wani gidan cin abinci mai suna The Olde Pink House, har na ce mata, "Ke dai bari mu isa lafiya tukuna." Gidan yana bakin dandalin Reynolds, a tsohon birnin Savannah na jihar Jojiya a Amurka. Da wuri ta kama mana teburi, kuma gara da ta yi, don mun tarar da wurin cike maƙil.

A 1771 aka fara gina shi domin wani attajiri, James Habersham ƙarami. Jan bulo ne aka shafe da farar filasta, jan ya riƙa ɓullowa ta cikin farin har bango ya koma ruwan hoda, sunan kuma ya bi shi. Gobarar 1796 ta cinye gidaje masu yawa a birnin, shi ya tsira. A 1812 ya zama bankin Planters, kuma har yau ɗakin ajiyar kuɗin yana nan a ƙasa da ƙatuwar ƙofarsa ta ƙarfe. Na daɗe tsaye ina kallon ƙofar nan.

Kafin mu zaɓi abinci na tambayi saurayin da ke kula da teburinmu wanne ne babu naman alade ko giya a ciki, don girkin jihohin kudu na Amurka ba ya rabo da su. Bai ƙosa ba, ya bi takardar da ni ɗaya bayan ɗaya. Na ɗauki kifinsu da aka fi sani, filaunda, faffaɗan kifi guda cur, an tsattsaga bayansa kafin a soya, aka zuba masa miyar afirikot mai zaƙi da ɗan tsami. Fatar ƙarau-ƙarau, tsokar kuwa fara tas, tana ɓarewa gunduwa-gunduwa ba sai ka nemi wuƙa ba. Na daɗe ban ci kifi irin wannan ba. Ƙanwata soyayyar kaza ta ci, ba ta bar komai ba sai ƙashi. Wurin ba na arha ba ne, amma kuɗinmu bai yi kuka ba.

Saurayin nan ne kuma ya ba mu labarin fatalwar. Wai ana ganin Habersham, wanda ya rasu a 1799, sanye da kayan zamaninsa yana zagaya ɗakin ƙasa, an fi ganinsa daga Oktoba zuwa Maris. Wai ana kashe kyandirori a tafi, a dawo a same su suna ci. Wai kuma mata kan shiga banɗaki ƙofa ta ƙi buɗuwa. Na sauka, na yi addu'ata na shiga, na fito lafiya lau. Ban ga komai ba, ban ji komai ba sai sautin fiyano da hirar mutane.

Abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Masu ba da labari suna cewa fatalwar 'ya'yan bayi ce ke kulle ƙofar banɗakin. Gidan Habersham da noman shinkafa suka yi arziki, da ƙarfin bayi baƙar fata, kuma uban James ƙarami yana cikin waɗanda suka matsa har aka halatta bauta a Jojiya a 1751. Da na tuna haka sai jikina ya yi sanyi a kan matakala. Kowa ya san sunan maigidan, amma waɗanda suka yi ta hawa da sauka da ruwa da itace, babu wanda ya iya faɗa mini sunan ko ɗaya.

Ƙanwata ta taɓa ni ta ce, "Yaya, lafiya? Kin ga wani abu ne?" Na ce mata a'a, mu ƙarasa sama kawai kafin shayinmu ya huce.