Tiramfolin ko tsalle a ƙasa: wanne ya fi dacewa da ɗan shekara 4?

'Yar'uwa, kin tambaya ko ki saya wa ɗanki mai shekara 4 tiramfolin, wato shimfiɗar tsallen nan mai sifirin, ko ki bar shi da tsalle-tsallensa na tsakar gida. In shawarata za ki bi, adana kuɗinki tukuna.

Ba wai abin ba shi da amfani ba ne. Shimfiɗar ba ta tsayawa cak, duk dirar da yaro ya yi sai ya gyara tsayuwa, cinyoyi da ciki da gadon baya na aiki tare. Kafin ki ankara ya jiƙe da gumi, ba tare da an lallashe shi ba. Tun gasar Sidni ta 2000 ma wasan ya shiga Olamfik.

Sai dai langa da 'yar gala-gala da tsallen igiya ma suna ba da wannan. Dubi mai langa: ya riƙe ƙafa ɗaya da hannu, ɗayar na ɗauke da nauyinsa duka, ga shi yana kauce wa mai son ture shi. Ƙashi kuwa da dira a ƙasa yake ƙara ƙwari, alhali shimfiɗar tiramfolin shanye wani ɓangare na dirar take yi.

Wajen rauni ne suka yi hannun riga. A ƙasa, yawanci ƙujewar gwiwa ce. A tiramfolin kuwa har karaya ake samu. Likitocin ƙashi na Amurka sun ce kada a ɗora yaron da bai kai shekara 6 ba, kuma a 2012 ƙungiyar likitocin yara ta ƙasar ta ba iyaye shawarar kada su ajiye shi a gida. Kusan kashi 75 cikin 100 na raunukan, yara biyu ko fiye ne a kai lokaci guda. Babban ya dira, shimfiɗar ta lotsa ta dawo sama da ƙarfi, daidai lokacin da ƙaramin ke saukowa da ƙafa a miƙe, sai ƙashin ƙwauri ya tsage a ƙasan gwiwa. Ragar da ake kewayewa da ita faɗowa kawai take tarewa, ba ruwanta da wannan. Kuma a gidan da ke da yayye da 'ya'yan maƙwabta, wa zai iya tsare su su hau ɗaya bayan ɗaya?

In ya haura shekara 6 kuma kina so, to mutum ɗaya a kai, ban da alkafura, babba na tsaye yana kallo.