Rigar nutso mai kaurin milimita 3 ko mai 5: dalma nawa kowacce take ci?

Ƙanena da ke karatu a Dakar, na ga tambayarka: nauyinka kilo 70, ka shiga koyon nutso da tukunyar iska, kana son sanin wacce riga za ka saya, mai milimita 3 ko mai 5, da kuma kilo nawa na dalma za ka ɗaura. Mu 'yan Damagaram ba teku gare mu ba, amma lissafin ba ya tambayar garin mutum.

Ka fara gane abin da rigar take yi. Da robar niyofiren ake yin ta, cikinta cike da ƙananan kumfar iska. Kumfar ce take tsare maka ɗumin jiki, ita ce kuma take tura ka sama kamar gorar masunta. Shi ya sa duk ƙarin kauri sai an biya shi da ƙarin dalma.

Mai milimita 3 ta ruwa mai ɗumi ce. Masu koyarwa sukan fara ƙiyasi da kashi 5 cikin 100 na nauyin mutum, wato kai wajen kilo 3 da rabi. Ba ta takura kafaɗa, sa ta ba wahala, kuma ba ta canja hali sosai tsakanin sama da ƙasa.

Mai milimita 5 kuwa ƙiyasinta yakan kai kashi 10 cikin 100, kilo 7 ke nan a kanka, ko da yake siririn mutum sau da yawa bai kai ga buƙatar haka ba. Rikicinta yana can ƙasa. A zurfin mita 10 matsin da ke kanka ya ninka na sama sau biyu, a mita 30 sau huɗu. Kumfar sai ta matse, rigar ta sirance, ƙarfin da take ɗaga ka da shi ya ragu, ita kuwa dalma tana nan yadda take. Sai ka ji kana ta yin ƙasa, dole ka hura iska cikin falmaran ɗinka, wato 'yar rigar da mai nutso yake hura wa iska don ta ɗaga shi. In ka taso, rigar da iskar falmaran su kumbura tare, in ba ka saki iskar da wuri ba sai su yi sama da kai da gudu. Duk wannan yana faruwa da mai 3 ma, amma kaɗan ne.

Duk da haka, ni mai 5 zan ce ka saya. Ruwan Dakar daga Janairu zuwa Afrilu yakan sauka wajen digiri 20 ko ƙasa, kuma ruwa yana zuƙe zafin jiki fiye da iska nesa ba kusa ba. Wanda ya tashi da zafin watan Afrilu na Zinder, minti ashirin a wannan ruwan da siririyar riga sai haƙora su fara kaɗawa. Da damina ruwan yakan yi ɗumi, mai 5 ɗin ba za ta cuce ka ba.

Sauran abu biyu da suke motsa lissafin, ko wacce riga ka sa. Ruwan teku ya fi ruwan daɗi nauyi da kusan kashi 2.5 cikin 100. Kai da kayanka in kun kai kilo 100, bambancin kilo 2 da rabi ne. In ka dawo gida ka shiga kogin Isa a Yamai da dalmar Dakar, ta yi maka yawa. Sannan iskar tukunya tana da nauyi: tukunya mai lita 11 da aka cika har bar 200 (bar ma'aunin matsin iska ne) tana ɗauke da iskar da ta haura kilo 2 da rabi. Kana shaƙa nauyinta yana raguwa. Ta alminiyo ma in ta kusa ƙarewa yawo take son yi a saman ruwa, ta ƙarfe kuwa ba ta cika yin haka ba, saboda haka ka tambayi irin wadda za su ba ka.

Lissafin nan mafari ne kawai, ruwa ne alƙali. Ka shiga da kayanka duka, malaminka yana kusa, ka fitar da iskar falmaran kaf, ka riƙe numfashi na yau da kullum. In ruwa ya tsaya daidai idonka, in ka fitar da numfashi kuma ka fara nutsewa a hankali, dalmarka ta yi. Gwajin ya fi gaskiya a ƙarshen nutso, tukunya saura bar 50. In da cikakkiyar tukunya ka gwada, ƙara kilo 2, don ka iya tsayawar kariya ta minti 3 a mita 5 da ake yi kafin a fito, ba tare da kana harbin ruwa ba.

Sabuwar riga ta fi tsohuwa ɗagawa, don kumfar tana mutuwa da yawan nutso. Ka rubuta riga, tukunya, irin ruwa da kilo a littafinka, bayan 'yan watanni ka sake gwadawa.