Sharhi kan ajin koyon gaisuwar Thai a Bankok

Makarantun koyon harshe da ke unguwar Sukhumvit a Bankok, babban birnin ƙasar Thailand, suna da yawa, kuma wadda na halarta tana ware wa baƙi gajeren aji kan gaisuwa kaɗai. A ganina ajin ya cancanci kuɗinsa, domin malamar ba ta tsaya ga haddar da mu kalmar gaisuwar, wato sawatdi, ba, sai da ta nuna mana inda ta samo asali da yadda ake furta ta cikin ladabi.

Ta bayyana cewa tushen kalmar shi ne svasti na Sanskrit, tsohon harshen Indiya, mai nufin lafiya da alheri, kuma Phraya Upakit Silapasan, malami a Jami'ar Chulalongkorn, shi ya ƙirƙiro ta a shekarun 1930, kafin gwamnatin Firaminista Phibun Songkhram ta mayar da ita gaisuwar hukuma a 1943. Har yau mutanen ƙasar kan gaisa da tambayar ko mutum ya ci shinkafa, wadda ta girmi sawatdi nesa ba kusa ba.

Inda ajin ya fi amfani shi ne wajen ƙarshen gaisuwar. Namiji kan ce sawatdi khrap, mace ta ce sawatdi kha, kuma jinsin mai magana ake dubawa, ba na wanda ake gaisarwa ba, kuma a nan ne baƙi kan yi kuskure. Malamar takan kama hannuwan ɗalibi, ta haɗa tafukan a gaban ƙirjinsa, sannan ta ɗaga su har manyan yatsu su kai hanci idan dattijo ake gaisarwa. Wannan shi ake kira wai, kuma ƙarami ne ke fara yi wa babba. Babba ba ya fara yi wa yaro.

Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne takardar da aka raba mana, wadda aka rubuta da baƙaƙen boko ba tare da alamar karin sauti ba, alhali harshen yana da kari 5, kuma kha ta bayani faɗuwa take yi, ta tambaya kuwa a sama take tsayawa. Duk wanda zai shiga ajin ya nemi izinin naɗar muryar malamar a waya, don takardar ba za ta tuna masa da wannan bambanci ba.