Audacity: manhajar da ta dace da yanka kiɗan gasar gina jiki

A wuraren ɗaga ƙarfe na Wuse da Gwarinpa da Kubwa, mai shirin gasa yakan shafe watanni yana fama da ƙarfe da awon abinci, amma kiɗan da zai hau dandamali da shi sai ana jibi gasa yake lalubensa a waya. A ƙa'idar IFBB, hukumar gina jiki ta duniya, ta waɗanda ba su zama ƙwararru ba, nunin da mutum zai yi shi kaɗai da kiɗansa ba ya wuce sakan 60. Waƙar minti huɗu ba ta shiga wannan gurbi sai an yi mata aiki, kuma a nan ne muka ga amfanin Audacity, manhajar gyaran sauti a kwamfuta.

Manhajar kyauta ce, ta fito tun shekarar 2000, tana aiki a Windows da macOS da Linux. Babban abin da ya sa muke fifita ta shi ne tana zana sautin a fuskar kwamfuta, har ka ga inda kowane bugun ganga ya faɗo, ka aza tsayuwarka, wato salon da kake tsayawa ka nuna ƙwanji, daidai kansa.

Tsayuwa ake fara tsarawa, kiɗa ya biyo baya. Ɗauki kiɗa mai bugu 90 a minti. Idan ka ba kowace tsayuwa bugu takwas, biyar na riƙewa uku na juyawa, za ka samu tsayuwa 11 cikin bugu 88, wato ƙasa kaɗan da sakan 59. Riƙon ya haura sakan uku, ya ishi alƙali ya duba damtse, ya sauko cinya. Kiɗa mai bugu 140 kuwa korar mutum yake yi: kafin gadon baya ya gama buɗewa an wuce, numfashi ya ƙare, ciki ya saki. Kana sauraro kana danna Ctrl+M, manhajar za ta sa alama a duk inda ka danna, sai ka rubuta sunan tsayuwar a wurin. Bugun da ya fi ƙarfi a ajiye wa sashen jikin da ka fi taƙama da shi. Tsayuwar ciki da cinya kada ta zo nan take bayan wadda ta fi cin ƙarfi, domin tana bukatar ka fitar da iska gaba ɗaya.

Wajen zaɓi, kiɗan dambe na kalangu yana tada tsumi, kuma 'yan kallonmu sun san shi. Sai dai yawancinsa a fili aka ɗauka, saurinsa na hawa da sauka, ga kirarin wani ɗan damben daban a ciki. Nemi gaɓar da makaɗa suka zauna kan bugu ɗaya. Amapiano kuma gabatarwarsa doguwa ce, a yanke ta, in ba haka ba rabin lokacinka zai tafi kana jiran kiɗa ya kankama.

Kafin ka yanka, danna Z, iyakar yankan za ta koma inda sautin ya yi shiru, ba za a ji ƙas a lasifika ba. Change Tempo na rage sauri ba tare da murya ta yi kauri ba, amma idan ka zarce kashi 10 cikin ɗari sautin kan fara rawa. Normalize, mai daidaita ƙarfin sauti, a bar shi a -1 dB. Ƙarshen kiɗa ya faɗo kan bugu mai ƙarfi tare da tsayuwar ƙarshe, Fade Out, wato dushewar sauti, na rabin sakan ya wadatar. Kiɗan da ke dusashewa a hankali yana barin mutum tsaye bai san lokacin sauka ba.

Audacity tana da nata cikas. Masu ita ba su yi wadda ke aiki a waya ba, alhali yawancin yaranmu waya kawai gare su. Fayil na M4A ba ya buɗuwa sai an ƙara mata wata manhaja mai suna FFmpeg. Sannan Save ɗinta yana ruɗin sabon shiga: fayil na aup3 yake bayarwa, wanda na'urar mai saka kiɗa ba za ta karanta ba. Export za ka danna, ka zaɓi MP3 a 320 kbps.

Ka mayar da kwafi ɗaya mono, wato sautin hagu da na dama a haɗe, ka saurara, saboda lasifikokin haya sau da yawa haɗe sautin suke yi, wani kayan kiɗan ya ɓace. Fayil ɗaya tak a filash, da sunanka da lambarka, wani kwafin a waya. Makonni huɗu kafin gasa ka daina taɓa kiɗan, ka riƙa atisaye da shi babu madubi, wani na ɗaukarka bidiyo daga nesa, ta ƙasa kaɗan, inda alƙalai ke zama.