Tsakanin ntpsec, chrony da timesyncd: wa za ka bar wa agogon sabarka?

Ɗan'uwa, ga yadda na fahimci tambayarka. Kana da saba a ofis a kan Debian 11, manhajar ntp mai daidaita agogo ta intanet ke riƙe mata lokaci, ita kuma take raba wa sauran kwamfutocin wurin. Ka ɗaga ta zuwa Debian 12, tun daga ranar agogo yake zamewa. Ka gyara /etc/ntp.conf, inda ka rubuta sabobin lokaci guda biyu, ka kashe ka kunna, shiru. Wani ya ce ka sa chrony, wani ya ce systemd-timesyncd ya ishe ka. Kana son a jera maka su ka ga wanne ya fi.

Kafin a zo ga jerawa, akwai abin da nake kyautata zaton shi ya same ka: manhajar da kake gyara wa fayil ba ita ce ke aiki a na'urarka ba. A Debian 12, wadda ta fito a watan Yunin 2023, an maye gurbin tsohon ntp da ntpsec. Ƙunshin da ake kira ntp yana nan da sunansa, amma fanko ne, aikinsa kawai ya janyo ntpsec. Shi kuma ntpsec fayil ɗinsa yana /etc/ntpsec/ntp.conf, ba ya karanta tsohon. Ko kwana za ka yi kana gyara /etc/ntp.conf, babu mai dubawa. Buga wannan ka ga wanda ke nan da gaske:

dpkg -l ntp ntpsec chrony systemd-timesyncd

Wanda ka ga ii a gabansa an girka shi. Wanda ka ga rc a gabansa an cire shi, ragowar fayilolinsa ne kawai suka saura, kuma su ne ke ruɗar mutane. A Debian manhajojin lokaci ba sa zama tare, da ka girka ɗaya apt zai fitar da ɗayan. Saboda haka bayan ɗaga siga ana iya wayar gari a ga wani daban ne ke riƙe da agogo, ko ma babu kowa.

To, a ce ntpsec ne ke nan, ka kuma kwafe sabobinka biyu zuwa sabon fayil. Nan ma akwai tarko, kuma a ganina shi ne babban bambancin hali tsakanin manhajojin uku. A fayil ɗin da Debian ke kawowa da ntpsec akwai layin da ke cewa tos minclock 4 minsane 3. Ma'anarsa ntpsec ba zai taɓa agogonka ba sai ya samu aƙalla majiya uku masu lafiya. Alƙali ne da ya rantse ba zai yanke hukunci ba sai shaidu uku sun tsaya a gabansa, kai kuwa biyu ka kawo. Za ka ga systemctl status ntpsec yana nuna komai lafiya, saƙonni na fita suna dawowa, amma agogo na ta tafiyarsa. Buga ntpq -pn ka duba abu biyu. Na farko, alamar tauraro a farkon layi, wadda ke nuna sabar da aka zaɓa ana bi. Na biyu, lambar da ke ƙarƙashin reach. Idan ta kai 377, tambayoyi takwas na ƙarshe duk sun samu amsa. Ka ga 377 amma babu tauraro ko ɗaya, to netwok ba shi da laifi, wancan layin ne ya hana. Ko ka ƙara majiya da layi irin pool africa.pool.ntp.org iburst, ko ka sa alamar # a gaban layin tos ɗin. Idan kuwa reach ya tsaya a 0, babu amsar da ke shigowa, sai a koma wajen katangar tsaro da ƙofar UDP ta 123.

Ban ce wannan tsari shirme ba ne. Idan kana da saba biyu suka saɓa, ba ka da hanyar gane wadda ta yi ƙarya, sai ta uku ta raba gardama. Tunanin ya samo asali ne tun daga David Mills na Jami'ar Delaware a Amurka, wanda ya tsara NTP, wato ƙa'idar da kwamfutoci ke bi su daidaita agogo ta netwok, bayaninsa na farko ya fito a 1985. Chrony ma yana auna majiyoyi da juna ya jefar da wadda ta fita daban, sai dai idan ɗaya tak ka ba shi zai karɓa ya yi aiki da ita. Shi kuwa timesyncd babu ruwansa da aunawa. Saba ɗaya yake magana da ita a lokaci guda, abin da ta faɗa shi ke nan, sai ta daina amsawa ya koma ta gaba.

Yanzu ga inda zamanmu a nan ya shigo ciki, wato ɗauke wuta. Saba ta mutu da daddare, batirin da ke riƙe agogon cikin allon na'urar, ɗan ƙaramin nan CR2032, ya yi sanyi, da safe a tayar da janareta ta tashi da kwanan wata na shekarun baya. Kowace daga cikin ukun tana da yadda take yi da irin wannan tazara.

Tsohon ntpd, wato manhajar da ke cikin ƙunshin ntp, da magajinsa ntpsec hali ɗaya gare su. Idan kuskuren bai kai kashi 128 cikin 1000 na daƙiƙa ba, sai su lallaɓa agogon a hankali har ya daidaita. Idan ya wuce haka sai su buga shi wuri guda. Idan kuma ya wuce daƙiƙa 1000, wato minti 16 da daƙiƙa 40, sai manhajar ta ɗauka wani babban abu ya lalace, ta rubuta ƙorafi ta kashe kanta. Abin da ke hana hakan shi ne zaɓin -g, wanda ke ba ta izinin yin babban tsalle sau ɗaya tak bayan tashi. Debian na sa shi a /etc/default/ntpsec, amma duba ka tabbatar yana nan, musamman in ka taɓa sauya zaɓuɓɓukan tsohon ntp da hannunka. Kuma tunda izinin sau ɗaya ne, idan agogo ya sake yin babban tsalle tana cikin aiki, kamar yadda ake gani idan an dakatar da kwamfutar cikin kwamfuta (virtual machine) aka dawo da ita bayan awanni, mutuwa za ta yi. Za ka ga shaidar hakan a journalctl -u ntpsec -b.

Chrony ba ya mutuwa a kan wannan. A /etc/chrony/chrony.conf akwai layin makestep 1 3, wanda ke cewa in kuskure ya wuce daƙiƙa 1 a buga agogo wuri guda, amma a gyare-gyare uku na farko kawai. Bayan nan lallaɓawa yake yi. Lallaɓawarsa tana da sauri ƙwarai idan aka kwatanta da ta ntpd: ntpd ba ya wuce rabin kashi 1 cikin 1000 na daƙiƙa a kowace daƙiƙa, wato gyaran daƙiƙa ɗaya sai ya ci fiye da rabin awa, chrony kuwa yana iya cinye daƙiƙa ɗaya cikin daƙiƙa 12. Duk da haka kar ka ɗauka ba shi da nasa aibin. Kuskuren awa guda a wannan saurin zai ci wajen awa 12, kana kallo manhaja na aiki agogo kuma ba daidai ba. Maganinsa umarni ɗaya ne, chronyc makestep, ko ka mayar da layin ya zama makestep 1 -1 don ya riƙa tsallakewa duk lokacin da ya ga buƙata. Sai dai in akwai rumbun bayanai a kan sabar, yi tunani kafin ka yi hakan, domin agogon da ke komawa baya yana rikita jerin abin da aka rubuta.

Timesyncd ba shi da wannan dogon lissafi. Tazara ta yi yawa, ya buga agogo ya wuce. Yana da wata dabara ɗaya da nake yaba masa: yana ajiye lokacin ƙarshe da ya sani a wani fayil a ƙarƙashin /var/lib/systemd/timesync, in na'ura ta tashi da kwanan watan da ya gaza wannan sai ya tura agogo gaba zuwa can tun kafin intanet ya zo. Ga ƙananan na'urori irin Raspberry Pi da yawancinsu ba su da batirin agogo, wannan ba ƙaramin taimako ba ne.

Amma a naka lamarin timesyncd ya faɗi tun kafin a fara. Karɓar lokaci kawai ya iya, ba ya rabawa. Ka ce sauran kwamfutocin ofis daga sabarka suke ɗauka, to ranar da ka koma kansa sabar za ta daidaita, su kuma su rasa mai amsa musu. Wanda ya ba ka wannan shawara bai yi ƙarya ba, shi ne ma zaɓin da Debian 12 ke sawa da kanta, kuma ga laftof ko kwamfutar tebur ya wadatar. Bai dai lura da cewa taka rabawa take yi ba.

Saura biyu ke nan, kuma wajen rabawa akwai bambancin da ke kama mutane. Ntpsec da ya tashi yake buɗe ƙofa ta 123, layukan restrict ne ke iyakance wanda zai amsa wa. Chrony akasin haka ne, ƙofarsa a rufe take har sai ka ce a buɗe. Mutum ya girka shi, ya ga chronyc tracking na nuna komai daidai, ya tafi gida, washegari a ce masa kwamfutocin ofis ba sa samun lokaci. Sai ka ƙara layi irin allow 192.168.1.0/24, da adireshin netwok ɗinku. In kana so ya ci gaba da rabawa ko intanet ya yanke, ƙara local stratum 10, don dukkansu su tafi tare a kan agogo ɗaya ko da ya ɗan kauce. Wannan ya fi muhimmanci in kuna shiga kwamfutocinku ta tsarin tantance ma'aikata irin Kerberos ko Samba, inda bambancin minti 5 tsakanin na'ura da saba ya isa a hana mutum shiga.

Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba: ntpd daga ƙofa ta 123 yake aika tambayarsa, chrony da timesyncd kuwa daga wata ƙofa ta daban suke fita kowane lokaci. Bayan hare-haren 2013 da 2014, lokacin da aka riƙa amfani da umarnin monlist na tsofaffin sabobin NTP ana ambaliyar saƙonni a kan jama'a, wasu kamfanonin intanet sun toshe saƙonnin da ke shigo wa abokan cinikinsu ta ƙofa ta 123. Shi ya sa wani lokaci za ka ga reach na ntpsec a 0, ka girka chrony a kan layi ɗaya ya kama nan take.

Ni dai a wurinka chrony zan sa. Richard Curnow ya fara rubuta shi ne a ƙarshen shekarun 1990 don kwamfutocin da ke hawa intanet ta layin tarho su sauka, wato tun asali an gina shi ne don netwok mai zuwa da tafiya, wanda shi ne halin yawancin ofisoshinmu. Yana koyon yadda agogon na'urarka ke gudu ko jinkiri, ya ci gaba da gyara shi ko babu majiya. Kamfanin Red Hat ta mayar da shi zaɓinta a tsarinta na Linux tun RHEL 7 a 2014, a RHEL 8 kuma ta cire ntpd gaba ɗaya, don haka abin da ka koya zai yi maka amfani a can ma, sai dai fayil ɗinsu yana /etc/chrony.conf kuma sunan aikin chronyd. Ntpsec zan bar wa wanda ke da kayan sa ido da suka dogara da ntpq, ko doguwar ntp.conf da aka daɗe ana ginawa. Shi ma sai ya bi ta layi-layi, don ntpsec ya zubar da tsofaffin abubuwa da yawa, har da Autokey da ntpdc. Chrony da ntpsec duka sun iya NTS, tsarin tantance sabar lokaci da aka fitar a 2020, wanda ke buƙatar a buɗe ƙofar TCP ta 4460.

Idan ka yanke, apt install chrony zai fitar da ntpsec da kansa. Kwafe layukan server ɗinka zuwa chrony.conf, rubutunsu iri ɗaya ne, amma kar ka kwafe restrict ko tos, bai san su ba kuma zai ƙi tashi. Sannan chronyc sources -v, ka nemi layin da ya fara da ^*. A timedatectl kuma layin System clock synchronized shi ne abin dubawa. Na ƙasansa, NTP service, yana iya cewa n/a alhali lokaci na daidai, don manhajojin da suka yi rajista da systemd kawai yake ƙirgawa.

Abu biyu ne babu wadda za ta gyara maka a cikin ukun. Idan sabar taka kwantena ce ta LXC ko Docker, wato keɓaɓɓen ɗaki a cikin wata na'ura, agogon na uwar na'ura ne, can za ka gyara, daga ciki ba a ba ka ikon taɓa shi ba. Idan kuma kuskuren awa ɗaya ne cif, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, to batun shiyyar lokaci ne. NTP da UTC, wato lokacin bai-ɗaya na duniya, kawai yake aiki, Najeriya da Nijar kuma suna gaba da shi da awa 1. Buga timedatectl set-timezone Africa/Lagos, ko Africa/Niamey in kana can. Ka kuma duba layin RTC time a timedatectl, wato agogon cikin allo, da safe kafin intanet ya zo, in ka ga shekara ta koma baya, sayi sabon CR2032 ka canza.