Kwana biyu a Victoria Falls Hotel, Zimbabwe

Jama'a duk wanda Allah ya kai shi Zimbabwe ya daure ya leƙa otal ɗin nan ko da ba zai kwana ba. Ni kwana biyu na yi kuma wallahi har yanzu wurin bai fita a raina ba.

Garin ɗan ƙarami ne, shi ma sunanshi Victoria Falls, sunan wurin nan da ruwan kogin Zambezi ke zubowa daga kan dutse ya faɗa ƙasa, kuma otal ɗin tun 1904 aka buɗe shi lokacin da Turawan Ingila ke shimfiɗa layin dogon da Cecil Rhodes, wani babban ɗan mulkin mallakar Ingila, ya ci burin ya tashi daga Kef Tawun har Alƙahira, da farko ma masaukin ma'aikatan layin ne kawai, daga baya ya zama abin da ya zama. Rhodes ɗin ya mutu 1902, bai ga otal ba bai ga gada ba. Gadar kuwa 1905 aka gama ta, ita ce ta haɗa Zimbabwe da Zambiya a kan kogin Zambezi, in ka zauna a barandar da suke ce ma Stanley's Terrace kana shan shayin la'asar ga ta nan fes a gabanka, ga feshin ruwan yana tashi sama kamar hayaƙi, sai a lokacin na gane dalilin da ya sa 'yan ƙasa suke kiran wurin Mosi-oa-Tunya, wato hayaƙi mai rugugi.

Abin da ya fi taɓa ni tsofaffin hotunan da ke jere a bango. Sarkin Ingila George na 6 ya sauka nan da iyalinshi a 1947, har da Elizabeth tun tana gimbiya. Na daɗe a tsaye ina kallo, ina tuna baƙaƙen fatar da suka ɗauki ƙarfe da duwatsu a zamanin Rodeshiya, wato tsohon sunan Zimbabwe, ga shi yau jikokinsu ne ke tarbar baƙi da fara'a, kuma ka tambaye su tarihin gidan su zayyano maka tiryan-tiryan.

Ɗakin tsaf, gado mai laushi, karin kumallo kuwa sai wanda ya ci. Akwai kuɗi kam, da dalar Amurka na biya, amma ban yi da-na-sani ba. Daga lambun otal akwai 'yar hanya da ƙafa har bakin ruwan, ka riƙe rigar ruwa don sharkaf za ka jiƙe, kuma ka rufe taga kafin ka fita saboda birai.