Ganin likita ta waya a Kaduna: inda yake aiki da inda yake gazawa

Wasu asibitocin kuɗi a Kaduna sun fara duba marasa lafiya ta kiran bidiyo. Za ka tura kuɗin kati ta banki, a sa maka lokaci, likita ya kira ka ta WhatsApp ko wata manhaja, ku yi kamar minti 15, sannan ya turo hoton takardar magani ka kai kemis.

Ga mai hawan jini ko ciwon suga wanda an riga an gano cutarsa, tsarin yana biyan buƙata. Mutumin Giwa ko Birnin Gwari ba sai ya wuni a mota don a duba awonsa kawai ba. Amma sai da shiri. A auna jini safe da yamma na kwana 7, a zaune, bayan hutun minti 5, hannu a kan tebur, a rubuta lambobin biyu, misali 150/95. Mai suga ya auna kafin ya karya. A jera kwalayen magani a gaba, domin idan ka ce "wata farar ƙwaya ƙarama" likita bai san me kake sha ba.

Likitoci da yawa, musamman manya, har yanzu suna ɗari-ɗari, kuma suna da hujja. Ba a danna ciki ta waya, ba a sauraron ƙirji. Idon mai ciwon shawara a hasken fitila mai caji ba ya nuna rawayarsa sosai, ƙuraje kuma a baƙar fata sai su ɓace a kyamara. Zazzaɓi ma ba a yanke cewa maleriya ce sai da gwajin jini. Idan aka yi kuskure, lasisin likitan ne hukumar kula da aikin likitoci ta ƙasa, MDCN, za ta bincika, ba ruwanta da cewa sabis ne ya yanke ana tsakiyar bayani. Ga masu samun lambar likita su riƙa turo hoto da tsakar dare: "Likita, don Allah duba min wannan." Shi ya sa wurin da ya tsara aikinsa yake kira da layin asibiti.

Babban rauni yana wajen rubutu. Wata takardar maganin babu sunan likita, babu kwanan wata, kuma ba a shigar da ganawar cikin fayil ba. Sirri ma abin dubawa ne, duk da dokar kare bayanai ta 2023: matar da ke gidan yawa ba za ta faɗi ciwon mara a tsakar gida ba, sai ta shiga ɗaki ta sa abin sauraro a kunne.

Jijjiga a yaro, zubar jini ga mai ciki, ciwon ƙirji, karkacewar baki ko numfashi sama-sama, waɗannan ba na waya ba ne. A nufi asibitin Barau Dikko, na Gwamna Awan ko asibiti mafi kusa nan take.